Garmaho, kaset, CD, fayil ko intanet: wane aiki kake so na'ura ta ɗauke maka?

Duk wanda zai kashe kuɗi a kan kayan sauraron kiɗa, abin da yake fara tambaya shi ne wanne ya fi sauti mai kyau. Amsar ba ta da tsawo. Idan ma'auni za a bi, faifan CD da fayil ɗin da ba a rage masa komai ba sun yi wa garmaho da kaset fintinkau. Sai dai mutanen da suka san haka sarai suna nan suna sayen faifan garmaho, har a 2022 yawan waɗanda aka sayar a Amurka ya zarce na CD, karo na farko tun 1987. Ba kurame ba ne. Akwai abin da suke biya wa kuɗi bayan sauti.

Sauraro aiki uku ne a haɗe. Akwai zaɓen abin da za a ji, akwai adana shi domin gobe, akwai kuma tsayar da hankali a kansa har ya ƙare. Kowace na'ura tana ɗauke wa mutum wani daga cikin ukun ta bar masa sauran, kuma wanda ta ɗauke ba ɓacewa yake yi ba, hannun wani yake komawa. Albert Borgmann, masanin falsafa ɗan asalin Jamus da ya koyar a jihar Montana ta Amurka, ya yi bayanin wannan a 1984 da misalin murhu da na'urar ɗumama gida. Duka biyun ɗumi suke bayarwa. Murhu yana so a faskara itace, a hura, a kula da shi, kuma yana tara mutanen gida wuri guda. Na'urar kuwa ta ɓoye aikinta a bayan bango, ta miƙo ɗumin kawai, ko'ina a kowane lokaci. Bai ce a koma shan sanyi ba. Cewa ya yi a lura da abin da ya tafi tare da wahalar. Da wannan ma'aunin za mu auna hanyoyin nan biyar, tare da ma'aunin injiniyoyi, domin wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya zai sayi abin da ba zai yi amfani da shi ba.

Abin da ke gaba da su duka

Kafin a zo gardamar faifai da fayil, abubuwa uku sun fi su tasiri a kan abin da kunne zai ji: yadda aka gyara sautin a situdiyo kafin a buga shi, lasifika ko hedifon da ake amfani da shi, sai kuma ɗakin. Matsar da lasifika rabin mita daga jikin bango yakan sauya sauti fiye da sauya MP3 mai kyau zuwa FLAC, wato fayil ɗin da ba a rage masa komai ba. Ɗaki mai tayil da bango tsirara yana mayar da amo ya dagula muryoyi, darduma da labule mai kauri kuma su gyara rabin matsalar.

Batun gyaran situdiyo shi ne tushen yawancin ruɗanin. Daga shekarun 1990 zuwa na 2000 kamfanoni sun shiga gasar wa zai fi wani ƙara. Sukan matse sautin yadda raɗa da tsawa za su zo kusan daidai, domin waƙarsu ta fi ta maƙwabciya tashi a rediyo. Faifan CD yana ɗaukar wannan matsi yadda aka ba shi. Faifan garmaho ba ya jurewa sosai, don haka sau da yawa akan yi masa gyara na daban mai sassauci. Mutum ya saurari biyun, ya ji na garmaho ya fi numfashi, sai ya yanke hukunci cewa roba ta fi lambobi. Alhali gyare-gyare biyu ya kwatanta, na'urorin ba su shiga gasar ba tukuna.

Garmaho

Faifai mai faɗin inci 12 da ke juyi 33⅓ a minti, kamfanin Columbia ne ya fito da shi a 1948. Kowace fuska tana ɗaukar minti 20 zuwa 22 ba tare da an takura sautin ba. Sautin yana kwance a jikin wani siririn layi da aka sassaƙa, allura mai bakin lu'ulu'u tana bi tana karkarwa, karkarwar ta zama wutar lantarki ƙarama ƙwarai, kamar milibolt 3 zuwa 5 a irin kan allurar da aka fi amfani da shi. Wannan ya sa ba a haɗa garmaho kai tsaye da kowace kafa ta amfilifaya. Sai an bi ta kafar da aka rubuta wa PHONO, ko ta wani ɗan akwati na daban, wanda ke aiki biyu: ya ɗaga wutar kusan sau ɗari, ya kuma mayar da sautin yadda yake. Domin lokacin sassaƙa faifan akan rage sauti mai kauri da kusan desibel 20 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) a can ƙasa, a ƙara wa siriri kusan haka a can sama, bisa ƙa'idar 1954 ta RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka. Ba don haka ba, da layin ya yi faɗi ya cinye fili, allurar ma ta yi tsalle. Wanda ya ji garmahonsa yana magana ƙasa-ƙasa, siriri kamar ta hanci, to wannan akwatin ne babu.

Saita hannun allura shi ne inda sababbin shiga suka fi yin ɓarna. A fara daidaita teburin da ma'aunin ruwa. A juya nauyin da ke bayan hannun har hannun ya tsaya a iska, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba, a mayar da zoben lambobi kan sifili ba tare da an motsa nauyin ba, sannan a juya su tare zuwa abin da kamfanin allurar ya faɗa, galibi giram 1.5 zuwa 2.5. Ƙaramin sikelin lantarki ya fi zoben gaskiya. Mutane da yawa suna rage nauyin don tausayin faifai, kuma kuskure ne: allurar da ba ta zauna daram ba tana bugun gefen layin tana tsinke shi, ɓarnarta ta fi ta wadda ta ɗan yi nauyi. Akwai kuma wani maɓalli da ke hana hannun zamewa zuwa tsakiya, a sa shi daidai da lambar nauyin. Allura takan ƙare bayan awa 500 zuwa 1,000, kuma wadda ta ƙare wuƙa ce a kan faifai. Ƙananan garmaho masu siffar jaka da ake sayarwa da araha sukan danna da giram 5 ko fiye, ba kuma a iya saita su. Araha ba ta ado.

Sauran matsalolin sanannu ne. Ƙugi mai kauri da ba ya tsayawa, wayar ƙasa ce ba a ɗaure ta a jikin amfilifaya ba. Sauti ya riƙa kumbura idan an ƙara murya, lasifika ce a kan teburi ɗaya da garmahon, girgizarta tana komawa cikin allura. Ƙas-ƙas yawanci ƙura ce, maganinta burushi kafin kowane sauraro da wanki da tataccen ruwa lokaci-lokaci. Zafi yana lanƙwasa faifai, don haka a tsaye ake jera su, nesa da rana, ba a ɗora wani kan wani. Tsofaffin faifai masu juyi 78 kuwa allurarsu daban ce, ta fi kauri, kuma sifirit yana narkar da su.

Akwai aibin da babu saitin da ke kawar da shi gaba ɗaya. Faifan yana juyi da gudu ɗaya, amma da'irar bakinsa ta fi ta tsakiya girma. A baki, layin yana wuce allura da kusan santimita 50 a daƙiƙa, kusa da tsakiya ya koma kusan 20. Sautin daƙiƙa guda sai an cusa shi a fili ƙasa da rabi, shi ya sa waƙar ƙarshe a kowace fuska takan yi ɗan kaushi, musamman wajen harafin "s". Masu shirya faifai sun san haka, sukan ajiye waƙa mai sanyi a ƙarshen fuska. Ga na'ura tana tsara wa mawaƙi jerin waƙoƙinsa ba tare da ta yi magana ba. Haka aka yi tun farko: faifan inci 10 mai juyi 78 minti uku da 'yan kai yake ɗauka, kuma tsawon waƙar rediyo ya daɗe bai wuce nan ba.

Me mutum ya samu a madadin duk wannan hidima? Garmaho bai ɗauke masa ko ɗaya daga cikin ayyukan uku ba. Shi zai tashi ya zaɓa, shi zai adana, kuma tsallake waƙa yana da wahalar da ta isa ta sa ya haƙura ya ji wadda bai so ba da farko. Sau da yawa ita ce take zama abar so bayan wata guda. Minti ashirin kuma gwargwadon abin da hankali ke iya riƙewa ne kafin ya nemi hutu. Sai dai kada a yaudari kai da cewa an tsere wa dijital: mafi yawan sababbin faifan garmaho daga fayil na kwamfuta ake sassaƙa su.

Kaset

Philips ne ya fito da shi a 1963, kuma don ɗaukar magana aka yi shi tun asali. Zarensa faɗin milimita 3.81 ne, yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa, wato siriri kuma a hankali, shi ya sa "shuu" ba ta rabuwa da shi. Tsarin Dolby B na 1968 yana rage ta da kusan desibel 10, da sharaɗin a kunna shi wajen ɗauka da wajen sauraro duka. Aka ɗauka da shi aka saurara babu shi, sauti ya yi tsini. Aka yi akasin haka, ya dushe.

Rikoda tana cin zare ne idan ƙaramar tayar roba da ke matse shi ta yi datti ko ta taurare, ko kuma bel ya saki har ƙafar da ke naɗe zaren ta daina ja. Auduga da sifirit a kan kan da ke karanta zaren da sandar ƙarfen da ke jan sa bayan kowace awa goma zuwa ashirin ta isa. Idan sauti ya dushe alhali kan yana da tsabta, to ya karkace ne, akwai ɗan sukurun da ake juyawa a hankali har siririn sauti ya fito. Kaset mai lamba C120 zarensa ya cika siriri, a guje shi.

A ganina babu dalilin fara tara kaset yau don neman sauti. Amma kaset ya yi abin da garmaho bai taɓa yi ba: ya ba talaka damar ɗauka. Wa'azi, taron biki, muryar kaka, mawaƙin da bai taɓa shiga situdiyo ba, da yawansu a kaset kaɗai suke a duniya, kuma zaren yana lalacewa ko ana sauraro ko ba a yi. Mai irin wannan ajiya rikoda mai lafiya yake bukata ta wata ɗaya ko biyu, ya kwashe su zuwa kwamfuta a matsayin WAV ko FLAC, ya ajiye asalin.

CD

Sony da Philips suka haɗa hannu, ya shiga kasuwa a Japan a watan Oktoba na 1982. Ana auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo da lamba mai bit 16. Lissafi ya nuna wannan ya isa a dawo da duk sautin da bai wuce 22,050 Hz ba, wato karkarwa 22,050 a daƙiƙa, kunnen yaro mai lafiya kuwa a wajen 20,000 yake tsayawa, na babba ƙasa da haka sosai. Tazarar da ke tsakanin mafi ƙarancin sauti da mafi ƙarfi desibel 96 ce, garmaho mai tsabta yana wajen 60 zuwa 70. Maganar da ake yi cewa sautin dijital hawa-hawa yake fita kamar matakala, zanen littafi ne ya jawo ta. Abin da ke fita daga na'urar santsi ne ba gaɓa.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne fuskar da ke da rubutu ta fi mai ƙyalli rauni. Bayanan suna can sama, dab da fentin, robar mai kaurin milimita 1.2 tana ƙarƙashinsu. Karce a fuska mai ƙyalli ana iya goge shi, kuma na'urar kanta tana cike giɓin da bai wuce kusan milimita biyu da rabi ba. Karce mai zurfi a fuskar rubutu kuwa ya tafi da bayanan har abada. Ana goge faifai daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba, domin karcen da ya bi layi ya fi wanda ya gitta shi illa. Na'ura ta fara tsalle a faifai masu tsabta, idonta ne ya yi ƙura ko ya tsufa.

CD shi ya fara sa tsallake waƙa ya zama danna maɓalli ɗaya, shi ya kuma kawo maɓallin da ke hautsina jerin waƙoƙi. Minti 74 zuwa 80 da yake ɗauka ya sa mawaƙa da yawa suka riƙa cika shi da abin da da can za a bari a situdiyo. Amma har yanzu abu ne da mutum ya mallaka, yana iya bayar da aronsa, ya sayar, ya bar wa magada. Babbar fa'idarsa a yau ita ce shi ne hanya mafi sauƙi ta samun fayil cikakke, wanda ba a rage masa komai ba, na halal.

Fayil a hannunka

Minti ɗaya na sautin CD yana cin kusan megabait 10.6. FLAC, wanda ya fito a 2001, yana naɗe shi zuwa kashi 50 ko 60 cikin ɗari ba tare da ya zubar da ko bit ɗaya ba, in an warware shi sai ya dawo yadda yake. MP3 kuwa zubarwa yake yi da gangan. A kilobit 128 a daƙiƙa, minti ɗaya bai cika megabait ɗaya ba, wato an yar da kusan kashi goma cikin goma sha ɗaya. A kilobit 320 megabait 2.4 ne.

Yadda ake zaɓen abin zubarwa shi ne wurin da falsafa da injiniyanci suka haɗu ƙarara. Masu binciken cibiyar Fraunhofer ta Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, sun dogara da wani hali na kunne: sauti mai ƙarfi yana rufe mai rauni da ke kusa da shi, har ma na ɗan lokaci bayan ya wuce. Abin da aka rufe ba a jinsa, don haka ba sai an adana shi da kyau ba. Tsarin da aka tabbatar a 1993 yana ɗauke da hoton kunnen ɗan Adam a cikinsa. Na'urar ta riga ka saurare, ta yanke hukuncin abin da ba za ka ji ba, sannan ta miƙo maka saura. Abin da ke ba wasu haushi shi ne yawanci tana da gaskiya. A kilobit 128 kunnen da ya saba yana kama ta: tafi ya zama kamar ruwan sama a kan kwano, kuge ya riƙa shuu-shuu, abin da ya haura 16,000 Hz an datse shi. A 256 ko 320 kuwa mutane ƙalilan ne ke iya bambancewa idan ba su ga sunan fayil ɗin ba.

Kuskure biyu ake yawan yi. Na farko, mayar da MP3 zuwa FLAC da zaton an inganta shi. Abin da aka zubar ba ya dawowa, fayil ɗin ne kawai ya yi ƙiba. Na biyu, sake matse abin da aka riga aka matse, kamar MP3 da aka tura ta manhajar hira ta sake sarrafa shi, ko aka ciro daga bidiyo. Kowane zagaye da tasa asarar. Ƙa'idar ita ce a ajiye FLAC a matsayin uwa, a riƙa cire ƙananan kwafi daga gare ta don waya.

Kwashe CD yana so a yi shi sau ɗaya, da kyau. Manhaja irin Exact Audio Copy a Windows ko XLD a Mac tana karanta wurin da take shakka fiye da sau ɗaya, ta kuma gwada sakamakon da rumbun AccurateRip, inda ake ganin ko wasu da suka kwashi faifan sun sami lambobi iri ɗaya. A cike sunan mawaƙi, kundi, shekara da lambar waƙa tun a lokacin, domin fayil dubu biyar marasa suna juji ne. Faifai 500 a FLAC za su ci wajen gigabait 150. Kwafi uku ake so, a na'urori iri biyu, ɗaya a wani gini daban. Memori da fulash na ɗauka ne, ba na ajiya ba, sukan mutu ba sallama.

Fayil ya bar wa mutum zaɓi da ajiya, har ya ƙara masa aikin ma'aji. Wajen tsayar da hankali kuwa ba ya taimako ko kaɗan, musamman idan a wayar da saƙonni ke shigowa ake sauraro.

Sauraro kai tsaye ta intanet

Spotify ya fara aiki a 2008 daga Suwidin, Apple Music a 2015, kuma manyan cikinsu kowanne yana da waƙoƙi sama da miliyan 100. Ta fuskar sauti babu abin kushewa: a matakin sama ana samun kilobit 256 zuwa 320, Apple ma ya fara bayar da sauti cikakke tun 2021. Abin lura shi ne yawancin manhajojin suna rage inganci da kansu idan layi ya yi rauni, sai an shiga saiti an hana. Lissafin data mai sauƙi ne: awa ɗaya a kilobit 96 megabait 43 ce, a 160 ta zama 72, a 320 ta kai 144, sauti cikakke kuma ya haura 300. Wani alherin da ba a cika yaba musu ba shi ne suna daidaita ƙarfin waƙoƙi zuwa mataki ɗaya, Spotify a −14 bisa ma'aunin LUFS. Waƙar da aka matse don ta fi kowa ƙara sai a mayar da ita ƙasa, ta fito a shanye. Wannan ya rage wa gasar ƙara armashi.

A nan na'ura ta ɗauke ayyukan uku duka. Ajiya tana hannun kamfani. Waƙar da ke jerinka yau tana iya dushewa gobe saboda yarjejeniya ta ƙare, ko a musanya ta da sabon gyara ba a gaya maka ba. Wanda aka sauke don sauraro ba intanet ma a kulle yake, a Spotify sai an leƙa intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, in kuɗin wata ya yanke kuma ya tafi. Kayan aro ba ya rufe katara. Kuma abin da bai taɓa shiga rumbunsu ba, ga wanda bai san wata hanya ba, kamar ba a taɓa rera shi ba ne.

Zaɓi ma ya koma hannunsu a hankali. Waƙa ta ƙare, wata ta biyo ba a tambaye ka ba. Manhajar tana lura da abin da ka tsallake, da wanda ka maimaita, da lokacin da kake ji, ta kawo maka makamancinsa. Tana da ƙwarewa a kan haka, kuma nan matsalar take: abin da take nema shi ne kada ka rufe ta, waƙar da ba ta dame ka ba kuwa ta fi wadda za ta girgiza ka cika wannan buri. Sai a wayi gari mutum ya ji awa huɗu bai iya faɗin sunan mawaƙi ɗaya ba. Ɓangaren mawaƙa ma an taɓa shi. Sai an saurari daƙiƙa 30 ake lissafa waƙa a biya, don haka doguwar shimfiɗa kafin murya ta shigo ta zama kasada. Kuɗin da kake biya kuma ba ya tafiya kai tsaye ga wanda ka saurara, ana zuba shi a tukunya ɗaya a raba bisa yawan sauraron kowa da kowa. Daga 2024 Spotify ya daina biyan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata goma sha biyu ba.

Duk da haka, wanda ya ce zai yi watsi da wannan hanya gaba ɗaya ya cuci kansa. Ba a taɓa samun zamanin da mai son sani zai ji kiɗan nahiya biyar a dare ɗaya ba sai yanzu. Ana kuma iya ƙwato wani abu: a kashe ci-gaba-da-kanka a saiti, a riƙa buɗe kundi sukutum maimakon jerin da manhaja ta haɗa, a rubuta sunan abin da ya burge a wani wuri da ba nata ba.

Tsakanin na'ura da kunne

Bluetooth yana sake matse duk abin da aka ba shi. Tsarin SBC da kowace na'ura ke da shi yana tsayawa wajen kilobit 328, LDAC na Sony yana kaiwa 990, sautin CD kuwa 1,411 ne. Wanda ke biyan ƙarin kuɗi don sauti cikakke yana ji ta iyafis marar waya, data kawai yake ƙonawa. Walkman na farko da Sony ya fitar a 1979 kafar hedifon biyu gare shi, da maɓallin da ke ba mutum biyu damar magana da juna, saboda masu ƙera shi suna ganin sauraro a kaɗaice rashin ladabi ne. Ba a daɗe ba aka cire maɓallin. Lasifika tana sa kiɗa ya zama na ɗaki, kowa ya ji ya yi magana a kai, hedifon kuma ya mayar da shi sirri, yana kuma da haɗarinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar babba a desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A 92 awa biyu da rabi ke nan a mako gaba ɗaya.

To wanne?

Ga mafi yawan mutane, shawarata ita ce a haɗa biyu: intanet don farauta, fayil na kai don abin da aka tabbatar ana so. Duk kundin da ka koma masa sau biyar, ka saye shi a CD ko a FLAC, domin ya nuna ba baƙo ba ne. Mai layin intanet marar tabbas ko data mai tsada ya fi kowa bukatar wannan tsari. Garmaho na wanda ke da wuri mai sanyi marar ƙura ne, da haƙurin saiti, wanda kuma matsalarsa ita ce ya kasa zama ya ji abu har ƙarshe. Wannan magani ne na gaske, amma mai tsada, kuma ana samun rabinsa kyauta ta hanyar ajiye waya a wani ɗaki a kunna kundi ɗaya daga farko. Wanda ke sauraro a mota ko wajen aiki kada ya wahalar da kansa, MP3 mai kilobit 256 ya ishe shi, ƙarar inji ta riga ta cinye bambancin.

Kafin a kashe kuɗi a kan inganci, a gwada kunne. Ɗauki FLAC na waƙar da ka sani sosai, ka cire MP3 mai kilobit 320 daga gare shi, domin a tabbata gyaran situdiyo ɗaya ne. Ƙarfinsu ya zama daidai ƙwarai, saboda ko rabin desibel ya ishi kunne ya ce mai ƙarfin ya fi daɗi. Manhajar foobar2000 tana da ƙarin da ke yin gwajin ABX: ta ba ka A, ta ba ka B, ta ɓoye ɗaya a matsayin X ka faɗi wanne ne. Yi zagaye 16 da hedifon mai waya, a wurin tafi ko kuge. Ka ci 12 ko fiye, da wuya ya zama sa'a ce, kunnenka yana ji, sai ka biya wa sauti cikakke. Ka tsaya a 8 ko 9, kuɗin ya tafi wajen lasifika da labule.